Makarantar zamiyar ƙanƙara ta 'yan shekara uku: ta ci kuɗinta, amma da sauran gyara

Duk wadda ke rainon ƙaramin yaro a inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni ta san yadda hunturu ke kulle mutum a ɗaki. Rana ta fito a makare, ta faɗi da wuri, shi kuwa yaro ƙarfin jikinsa bai san da wannan lissafi ba. 'Yata shekararta uku da rabi. Ni da maigidana muna taɓa wasan zamiya, wato sulalowa daga tudu a kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna biyu ɗaure a ƙafa, shi ya fi ni nesa ba kusa ba, kuma tun tana goye muke yin karɓa-karɓa: ɗaya ya hau tudu, ɗaya ya zauna da ita a ɗakin ɗumi yana duba agogo. A hunturun bana muka sa ta a sashen ƙananan yara na wata ƙaramar makarantar koyon zamiya mai zaman kanta, muka kuma ɗauki hayar kayanta na kaka guda a shagon da ke manne da makarantar. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Na gamsu da su, sai dai abin da ya gamsar da ni ba shi ne abin da suke talla da shi ba. Su suna tallar cewa yaro zai iya zamiya. Ni abin da na saya shi ne mutanen da suka san lokacin da ya kamata a cire yaro daga cikin sanyi.

Filin nasu yana gindin tudu, an kewaye shi da raga, manya ba sa ratsawa ta ciki. Gangarar ba ta da wani tsayi, ta ƙare a shimfiɗaɗɗen wuri, ta yadda ko yaro bai iya tsayawa ba gudun zai mutu da kansa. A gefe akwai wani bel mai tafiya a hankali da suke kira darduma, yaro ya tsaya a kai da allunan zamiyarsa a ƙafa ta kai shi sama. Sai ɗan ɗakin katako mai na'urar ɗumama wuri, da benci, da ƙugiyoyin rataye kaya daidai tsayin yara.

Farkon karatun ba zamiya a cikinsa. Tafiya yaran suka yi ta yi da takalman zamiya masu tauri, sannan aka ɗaura musu allo a ƙafa ɗaya suna jan ta, sannan ƙafa biyu. Aka koya musu faɗuwa da gangan, a gefe, da yadda ake tashi ba tare da an miƙa wa kowa hannu ba. Sandunan da masu zamiya ke dogarawa da su kuwa ba a ba su ko ɗaya ba. Maigidana da ya ji labari ya ce to shi kuɗin koyon tafiya ya biya ke nan, yarinyar da ta iya tafiya tun tuni. Malamarsu, wata dattijuwa mai gashi fari da murya ƙasa-ƙasa, ta ce masa yaron da bai iya tashi da kansa ba tsoron faɗuwa zai yi, mai tsoron faɗuwa kuma baya yake jingina, wanda ya jingina baya allunan ne ke tafiya da shi. Bai sake magana ba.

Wannan koyarwa daki-daki tsohuwar hanya ce. Hannes Schneider, wanda ya kafa makarantarsa a St. Anton da ke Ostiriya a farkon shekarun 1920, shi ya shahara da tsara ta: a fara da haɗa kawunan allunan biyu a ware bayansu don rage gudu, daga nan a koyi juyawa, sai can gaba a jera su. Har yau da haka ake farawa kusan ko'ina. A Faransa, babbar makarantar ƙasar, ESF, wadda aka kafa a 1945, tana karɓar yara tun daga shekara uku a sashen da take kira Piou Piou. Tamu ma shekara uku ne ƙa'idarta, da sharaɗin yaro ya daina sa famfas. Na ji iyaye a bakin ƙofa suna roƙon a karɓi ɗan shekara biyu, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban yarda da su ba. Ware bayan allunan nan a riƙe su a haka aiki ne na cinya, kuma ko 'yata mai uku da rabi ƙafafunta ba su da ƙarfinsa da farko. Wata 'yar roba suka maƙala mata da ke haɗa kawunan allunan kada su rabu ko su hau juna, sai da kaka ta yi nisa suka cire.

Yanzu ga inda suka burge ni. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin zubar da ɗumi, domin fatarsa tana da faɗi idan aka gwada da nauyinsa. Kuma ɗan shekara uku ba zai ce miki yana jin sanyi ba. Ko dai ya yi shiru, ko ya fara kuka a kan abin da bai kai a yi kuka ba, ko ya zauna daɓas a ƙasa ya ƙi motsi. Malamar nan ta san waɗannan alamu kamar yunwar cikinta. Na sha hango ta daga nesa tana zura yatsu biyu a wuyan rigar yaro ta baya don ta ji ko ya yi gumi ko ya huce, tana ɗaga tabarau ta duba kumatu da kan hanci. Farin tabo a kumatu shi ne farkon cizon sanyi, kuma maganinsa a shiga ciki a ɗora tafin hannu mai ɗumi a wurin, ba a murza ba, balle a goga dusar ƙanƙara kamar yadda wasu ke cewa. Ba ta jiran lokacin hutu da aka rubuta a takarda. Ranar da iska ta taso, kafin yaro na farko ya fara ƙorafi ta riga ta kora su ɗaki, sun cire safar hannu an jera a kan na'urar ɗumi, suna zane. Akwai ranar da rabin darasin a ɗaki suka yi shi. Wata uwa ta yi faɗa a kan haka, ni kuwa a ranar na san kuɗina bai tafi a banza ba, don 'yata ta fito tana tambaya ko gobe ma za a zo.

Takardar da suka ba mu kan sutura gajeriya ce, kuma kowane layi nata ya yi aiki. Kaya hawa uku: na jikin fata ya zama ulu ko yadin roba mai fitar da gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Auduga ba ta shiga, don idan ta sha gumi sai ta manne a jiki ta yi sanyi. Safa ƙafa ɗaya tak, doguwa, kada a ninka biyu, saboda ninkin yana matse ƙafa a cikin takalmi, jini ya kasa zagayawa, yatsu su daskare. Safar hannu wadda ke haɗa yatsu huɗu a jaka guda, ba mai raba su ba, kuma a zo da ta canji don ta farko ba ta kai ƙarshen darasi a bushe. A wuya a sa abin da ake zurawa ta kai, ban da dogon mayafi mai jela da zai iya sarƙewa a na'ura. Sai man kariya daga rana, wanda da yawa ke mantawa saboda suna ganin sanyi ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sabuwar dusar ƙanƙara tana iya mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken UV, wato ɓangaren hasken rana mai ƙona fata, da ya sauka a kanta, kuma ƙarfin hasken yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin ɗari a duk hawan mita 1,000. Duhun fata ba ya kare ido, don haka tabarau ba ado ba ne.

Abu ɗaya da takardar ba ta faɗa ba, ni zan faɗa: kayan sanyi na haɗe, riga da wando a ɗinke wuri guda, sun fi hana dusa shiga ta ƙugu, amma duk wanda ya ƙirƙire su bai taɓa kai yarinya bayi a gurguje ba. Hular kwano, safar hannu, zif tun daga wuya, hannayen riga suna jan ƙasa mai jiƙe. Da muka koma wando mai igiyar kafaɗa da riga daban, lamarin ya yi sauƙi.

Nan kuma ƙorafina na farko yake. Ɗakin ɗumin ba shi da bayi. Sai an fita daga raga an tsallaka zuwa babban ginin, tafiyar da babba ba zai ɗauke ta komai ba, amma ga yaro cikin takalmin da ba ya lanƙwasa tafiya ce. Duk lokacin da ɗaya ya ce yana jin fitsari, mataimakiyar malama ce ke raka shi, sai malama ta rage ita kaɗai da sauran. Makarantar da ta gindaya sharaɗin cire famfas ya kamata ta fara da gina bayi.

Shagon haya kuwa ba ni da abin cewa sai yabo. Saurayin da ya karɓe mu bai tambayi lambar takalminta ba, ƙafar ya auna da santimita, domin da haka ake lissafin takalman zamiya. Ya zare sofanen ciki, ya sa ƙafarta a kwankon takalmin, ya duba tazarar da ta rage a bayan diddige. Na ce ko za a ba ta mai ɗan girma don ta ci gaba da shi, ya ce, "A'a Hajiya, idan ƙafa tana yawo a ciki, ta juya ƙafa allo ba zai juya ba. In ya matse ta a tsakiyar kaka ki dawo mu canza." Mun dawo kuwa, kuma ba a karɓi ƙarin komai ba. Ya auna nauyinta da tsayinta kafin ya saita maƙalin da ke riƙe takalmi, wanda aikinsa ya saki ƙafa idan an yi mummunar faɗuwa. Wannan saiti ba abin wasa ba ne, don karayar ƙwauri na cikin raunin da ƙananan yara suka fi samu a wannan wasa. Allunan da ya zaɓa mata tsakanin ƙirjinta da haɓarta suka tsaya. Hular kwano dole ce a makarantar, kuma ya hana a sa hular sanyi mai kauri a ƙarƙashinta. Wasu ƙasashen ma doka ce: Italiya ta fara wajabta ta ga 'yan ƙasa da shekara 14 a 2005, ta ɗaga zuwa 18 a 2022, sannan ta wajabta wa kowa a 2025. Ga yaron da ƙafarsa ke girma ba dare ba rana, hayar kaka guda ta fi saye ma'ana.

Sauran ƙorafin na ranakun ƙarshen mako ne da lokacin hutun makarantu. Yara sukan yi yawa, a kawo ƙarin malamai matasa waɗanda sun iya zamiya sosai amma ba su iya yara ba, layin hawa darduma ya yi tsawo. Tsayuwa a layi kuwa ita ce ke kawo sanyi, ba zamiyar ba. Wata Asabar na karɓi 'yata hannunta ɗaya babu safa, ba wanda ya lura tun yaushe. Haka kuma idan yaro ya tashi da zazzaɓi, kuɗin ranar ya tafi, sai an kawo takardar likita. Mura da tari a hunturu abin yau da gobe ne ga ɗan shekara uku, wa zai je asibiti a kan kowace majina? Tsarin sai ya zama yana tura iyaye su kawo yara marasa lafiya cikin ɗan ƙaramin ɗaki mai ɗumi a rufe.

Suna da doka cewa iyaye su miƙa yaro su bar wurin, kada su tsaya a jikin raga. Dokar daidai ce. Mai ɗa wawa ne, kuma yaron da ke hango uwarsa ba zai saurari malama ba. Yadda wasu ma'aikatan ke aiwatar da ita ne ba daɗi, a fizge yaro yana kuka a ce ki tafi kawai. Dattijuwar ba haka take yi ba. Durƙusawa take yi ta ce da 'yata, "Umma za ta je ta hau babban tudu, ke kuma ki zo ki taya ni tashin wannan ɗan zomon," ta nuna mata wani zomon soso da ke kwance a dusa. Tana ɗaga min ido, na san in sulale.

Zuwa ƙarshen kaka muna saukowa mu uku a gangara mafi sauƙi ta wajen raga. Malamar ta gargaɗe mu kada mu sa ta tsakanin ƙafafunmu, domin yaro rataya yake yi a jikin babba bai koyi komai ba, in kuma babban ya faɗi a kan ƙafar yaron zai faɗi. Abbanta ke gaba yana zana manyan kwana tana bin sawunsa, ni ina baya ina tare mata masu gudu. Cikin ƙa'idoji goma na hukumar wasan ta duniya, FIS, akwai cewa wanda ya taho daga baya shi ke da alhakin kauce wa na gaba, amma ba kowa ke kiyayewa ba, shi ya sa ba na barin bayanta a buɗe. Saukowa kaɗan take yi ta ce ya isa, ta koma haƙa rami da hannu, mu kuma ba ma ja da ita.

Wadda za ta sa ɗanta, ta nemi darasin safe na rabin yini a tsakiyar mako, ta tambayi yawan yaran da ke hannun kowace malama da ko malamar ɗaya ce za ta riƙe su har ƙarshe, ta kuma je da ƙafarta ta ga inda bayi yake kafin ta biya. Darasin yini guda ya yi wa ɗan shekara uku yawa. Mu mun riga mun sa sunanta na baɗi, ranakun Talata da Alhamis, kuma na rubuta a fom ɗin cewa ajin dattijuwar muke so.