GARGAƊI: Hattara da masu tallar "ka yi kiwon farin ɓera, mu za mu saye 'ya'yan"

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda ya ga wannan rubutun ya tura wa 'yan uwa, musamman matan aure da ɗalibai masu neman 'yar sana'ar cikin gida, don su ake hari. Akwai wani mutum, ko in ce wasu mutane tunda lambobin wayar sun fi ɗaya, suna yawo da talla a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, wai ka shiga kiwon farin ɓera a gida, za su ba ka mata biyar masu ciki da namiji ɗaya da keji, in sun haihu su dawo su saye 'ya'yan kaf su kai wa jami'o'i. Wallahi damfara ce. Ban sa sunan shafin ba don sunan canjawa yake, yau wani gobe wani, amma hotuna da bidiyon da kalaman duk iri ɗaya ne, in kun gani za ku gane su.

Ni ina kiwon farin ɓera a bayan gida, ɗalibai masu furojet, wato binciken kammala karatu, ne ke saya a wurina don yin gwaji, shi ya sa waɗanda abin ya ci suke zuwa min da kuka. Kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka yi tiransifa ba su ga ko wutsiya ba, bayan kuɗin fakej, wato na ɓerayen da kejin, aka ce su ƙara na mota, aka ce su ƙara na takardar likitan dabbobi wai an tare direba a hanya, daga nan sai bulokin. Wannan tsohon salo ne kowa ya san shi. Kashi na biyun ne ya fi ci min rai, su an kawo musu ɓerayen da gaske, suka saki jiki har suka jawo ƙawaye da maƙwabta don an ce akwai kamasho ga duk wanda ya kawo mutum.

Wata baiwar Allah ta kawo min nata a kwali in duba mata me ya sa har yanzu ba haihuwa. Biyu daga cikin "matan" maza ne. Ɗaya tsohuwa ce tukuf, kumburin da aka nuna mata a matsayin ciki ƙari ne a gefen nono, wanda da ma yakan fito wa tsofaffin matan ɓera. Sauran kuma atishawa suke, numfashinsu na ƙara, ga wani jan abu kamar jini a ido da hanci, ba jini ba ne, ruwa ne da ke fitowa da yawa idan ɓera na cikin wahala ko ciwo. Wani kuma abin da aka ba shi ma ba babban nau'in ba ne, ƙaramin nan ne da 'yan lab ke ce wa mais, wanda ko ya tsufa da ƙyar ya wuce giram 40, aka ce masa wai yara ne za su girma. Banza ba ta kai zomo kasuwa, wanda ke da lafiyayyun mata masu ciki kuma yana da mai saye a hannu, me zai sa ya raba su ga baƙi?

Sai lissafin da suke ruɗar mutane da shi. Wai kowace mace za ta ba ka 'ya'ya 15 zuwa 20 duk wata, ka ninka da biyar, ka ninka da wata goma sha biyu. Cikin ɓera kwana 21 zuwa 23 ne, wannan gaskiya ne, amma yawanci 6 zuwa 12 take haifa, nononta ma 12 ne, kuma ba duka ke rayuwa ba. Bayan haihuwa tana shayarwa sati uku zuwa huɗu kafin yaye, sannan tana buƙatar hutu jikinta ya dawo. To ta ina "duk wata" zai fito? Ta hanya ɗaya ce kawai, kuma ita suke koyarwa a 'yar takardar PDF ɗin da suke turawa: wai kar ka raba namiji da mace ko kaɗan. Macen ɓera tana iya ɗaukar wani cikin a kwana ɗaya zuwa biyu da haihuwa, kun ga kenan tana shayar da goma tana ɗauke da wasu goman a ciki, sai ta rame, gashinta ya tashi, nono ya ragu, 'ya'yan su fito ƙanana marasa ƙarfi, ita kuma ta ƙare da wuri. Dabba ce Allah Ya ba ka amana, kai ka kulle ta a keji, ci da sha da hutunta duk suna wuyanka. Gaskiya wannan ɓangaren ya fi kuɗin ɓata min rai.

Kuma kejin da suke bayarwa na waya ne har ƙasansa. Jaririn ɓera tsirara ake haifarsa, ba gashi, ido a rufe, kunne a toshe, bai fi ɗan yatsa ba, ta ramin wayar yake zubowa ƙasa sanyi ya kashe shi ko tururuwa ta taru a kai. In ka kira ka ce 'ya'ya sun mutu ko uwar ta cinye su, amsarsu a shirye take, laifinka ne ba ka bi ƙa'ida ba, garanti ya faɗi, amma in kana so ka sayi wani "maganin ƙarin nono" a wurinsu. In kuma Allah Ya sa sun rayu ka ce a zo a saya, sai a ce ba su kai nauyi ba, ka ƙara sati biyu, bayan sati biyu a ce sun wuce nauyi, ko mota ba ta zuwa garinku sai an tara ɗari. Kafin nan 'ya'yan sun kai sati biyar zuwa shida sun fara barbarar junansu tunda ba wanda ya gaya maka a raba maza da mata, gida ya cika da wari, buhun abinci na ƙarewa, maigida ya fara faɗa.

Bari in faɗa muku yadda kasuwar take da gaske, don kasuwar akwai ta, ƙarya suka ɗora a kai. Masu sayen farin ɓera ɗalibai ne da malamai masu bincike a sashen haɗa magunguna, bayokemistiri, fisiyoloji da likitan dabbobi. Yawanci nau'in Wistar suke nema, wanda aka samar a wata cibiya a Filadelfiya ta Amurka tun 1906. Mai furojet ba ya sayen jarirai. Yana zuwa ne ya ce yana son maza zalla ko mata zalla, nauyinsu kusa da juna, misali giram 150 zuwa 200, lafiyayyu, kuma dole ya rubuta a cikin aikinsa inda ya samo su, sufabaiza zai tambaya. Shi ya sa da yawa suke zuwa ɗakin kiwon dabbobin gwaji na jami'arsu, kamar na ABU Zariya, ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, ko cibiyar binciken cutar sammore da ke Kaduna. Mu masu kiwo a gida abin da ya rage muke samu, da sanayya da riƙon amana, kuma lokaci gare shi, in ba lokacin furojet ba shiru ne. A 2022 da ASUU ta yi yajin aikin wata takwas, masu kiwo ciyarwa kawai suka yi ta yi ba mai saye. To wane ne zai yi maka alkawarin saye duk wata ba iyaka, bai ma ga dabbar ba?

Akwai kuma maganar lafiyar gida, wadda ko sau ɗaya ba sa ambata. Ɓeran da ba ka san inda aka ajiye shi ba, watakila a sito ne inda ɓerayen gari ke shiga su yi fitsari a abincinsa, ka kawo shi kusa da kicin inda yara ke wasa. Fitsarin ɓera na iya ɗauke da cuta, cizonsa ma na sa zazzaɓi, ga zazzaɓin Lassa da muka sani tun 1969 da aka fara gano shi a garin Lassa na jihar Borno, wanda wani nau'in ɓeran gida da daji mai nonuwa da yawa ke yaɗawa. Abincin da ke zubewa daga keji shi ke jawo irin waɗannan ɓerayen cikin gida. Wanda aka ba shi masu launin toka ko ruwan ƙasa aka ce wai sabon iri ne, dan Allah kar ya taɓa su da hannu, ya nemi likitan dabbobi. Farin ɓeran gwaji fari ne tas, idonsa ja.

Wanda ke son sana'ar tsakani da Allah, ya fara neman mai saye kafin ya nemi ɓera, ya je da ƙafarsa wurin mai kiwo ya ga uwa da uba da inda suke kwana. Kar a tura kuɗi a kan bidiyo. Gane jinsi ba wuya, namiji babba marainansa a fili suke a gindin wutsiya kuma ba shi da kan nono, mace ce ke da su. Ciki kuwa ba ya nunawa sosai sai a satin ƙarshe, duk wanda ya nuna maka hoto ya rantse wai cikin kwana biyar ne ƙarya yake. Kuma ba a ɗora mai tsohon ciki a but ɗin mota daga wani gari a zafin Afrilu, ɓera daga digiri 30 ya fara galabaita, a hanya za ta mutu ko ta zubar.

Ku kuma da ɓerayen suka riga suka shigo hannunku, kar fushi ya sa ku zubar da su a bola ko ku bar su da yunwa, ba su ne suka cuce ku ba. Yau ɗin nan ku cire namiji. Mai ciki a ba ta wurinta ita kaɗai, roba mai zurfi ko keji mai shafaffen ƙasa da iska ke shiga ta sama, a zuba dusar katako busasshiya, a sa mata yagaggen tishu ko takarda ta yi sheƙa, ban da auduga da tsumma mai zare don yana naɗe ƙafar jarirai. A ajiye ta a inuwa inda ba hayaniya, nesa da kyanwa da hannun yara. Mai shayarwa tana cin ninki biyu har uku na abin da ta saba, a ba ta abincin kaji masu tasowa da ake kira girowa, a ƙara da dafaffen ƙwai ko ɗan busasshen kifi, ruwa kuma kar ya yanke ko na awa ɗaya, don ƙishirwa da yunwa da tsoro su ne kan gaba wajen sa uwa ta cinye 'ya'yanta. Kwanakin farko a ƙyale sheƙar, leƙawa kawai za a yi, in kun ga wani farin layi ta cikin fatar cikin jaririn to nono ne, yana sha kenan. Wanda ya mutu a cire shi a hankali, inda ya jiƙe da fitsari a kwashe a bar sheƙar. Wajen kwana 14 za su buɗe ido su fara lasar abinci, sati uku zuwa huɗu a yaye, kafin sati biyar maza gefe mata gefe. A wanke hannu da sabulu kafin da bayan taɓa keji.

Maganar kuɗi kuma, kar kunya ta sa ku yi shiru. Ku ɗauki hoton hirarku da su da rasit ɗin tiransifa da lambar asusun kafin su goge, ku je bankinku da wuri ku shigar da ƙorafi, ku kai wa 'yan sanda ko EFCC, kuma ku yi rifot ɗin shafin. In kun haɗu ku da yawa kuka je tare an fi saurarenku. Wanda kuma ya san ya jawo wani ya karɓi kamasho, ya kira shi yanzu ya gaya masa kar ya tura ragowar kuɗin.