Raindrop.io: ma'ajiyar shafuka mai tsari, amma sai da data

Ranar 8 ga Yuli, 2025 kamfanin Mozilla ya rufe Pocket, manhajar da jama'a suka daɗe suna tara maƙalu a cikinta tun 2007, lokacin ana kiranta Read It Later. Kafin ita Google Bookmarks ta tafi a 2021, Omnivore ta bi bayanta a 2024. Saboda haka duk mai neman wurin ajiye shafukan intanet ya fara da tambaya ɗaya: in aka rufe gobe, zan iya kwashe kayana? A wannan fannin Raindrop.io ta ci jarrabawa, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ta cancanci a duba ta.

Rustem Mussabekov ne ya ƙirƙiro ta a 2013. Aikinta shi ne ajiye adireshin shafi tare da kan rubutunsa, hotonsa da ɗan bayaninsa, a wuri guda da za ka buɗe ta waya ko ta kwamfuta. Tana da manhajar Android da iPhone, da ɗan maɓallin da ake maƙala wa Chrome, Firefox, Edge ko Safari.

Ajiya ba ta da wahala. A waya, kana kan shafin sai ka taɓa alamar turawa, irin wadda kake bi in za ka aika wa wani abu ta WhatsApp, ka zaɓi Raindrop. In ba ka faɗa mata inda za ta sa shi ba, sai ta jefa shi cikin kwandon da ta kira Unsorted. A nan mafi yawan mutane ke ɓata tsarinsu. Ana ta jefawa da niyyar gyarawa daga baya, kafin wata uku kwandon ya tara ɗaruruwan adireshi, ya zama daidai da tura wa kai saƙo a WhatsApp. Maganin shi ne a zaɓi kundi, wato jakar da ake tara shafuka iri ɗaya, a daidai lokacin ajiya, daƙiƙa biyar kacal yake ci.

Tsarin nata hawa biyu ne, kundi (collection) da laƙabi (tag), kuma sanin bambancinsu shi ne rabin aikin. Shafi ɗaya kundi ɗaya yake zama, amma yana iya ɗaukar laƙabi ko nawa ne. Mai bincike kan noma, alal misali, zai buɗe kundi ɗaya na noma, sannan maƙalar da ta yi magana kan takin masara a damina ya ba ta laƙabi uku: taki, masara, damina. Ranar da yake neman duk abin da ya shafi taki, na masara ne ko na shinkafa, sai ya rubuta #taki a wurin bincike, su fito gaba ɗaya. Kundi biyar zuwa takwas sun isa kusan kowa. Wanda ya buɗe talatin zai riƙa tsayawa yana tunanin inda zai sa kowane shafi, daga nan sai ya gaji ya koma jefawa a kwando.

Akwai wani tarko da ya shafi masu rubutu da Hausa musamman. A wurin na'ura, ƙ da k haruffa ne daban, haka ɗ da d, da ɓ da b. In ka ba wani shafi laƙabin "ƙasa" daga wayar da ke da madannin Hausa, gobe ka rubuta "kasa" daga kwamfutar ofis, ka raba kayanka gida biyu ba tare da ka sani ba. Zaɓi hanya ɗaya tun ranar farko ka tsaya a kanta. Ga mai amfani da na'ura fiye da ɗaya, laƙabi marar lanƙwasa ya fi sauƙin riƙewa. Haka ma tilo da jam'i: ko "littafi" ko "littattafai", kada a haɗa biyun. Ita manhajar kanta ba ta da fuskar Hausa, da wani harshe kamar Ingilishi ko Faransanci za a sarrafa ta.

Rabawa kuwa tana da kyau ƙwarai. Ana iya mayar da kundi na kowa da kowa, a samu adireshi ɗaya da duk wanda aka tura wa zai buɗe ko ba shi da rajista. Malami zai iya tara wa ɗalibansa abin karatun zango a kundi ɗaya, duk abin da ya ƙara su gan shi nan take, maimakon adireshi ashirin da ke nutsewa a ƙarƙashin gaishe-gaishen zauren WhatsApp. Ana kuma iya gayyatar abokan aiki, a ba wani ikon karatu kawai, wani ikon gyara. A kula dai, kundin da aka buɗe wa jama'a ba wurin ajiye adireshin takardun sirri ba ne.

Tsarin kyauta bai ƙayyade yawan adireshi, kundi ko na'urori ba, kuma ana iya ja wa jimla layi mai launi a cikin maƙala don a dawo mata. Tsarin biya, wanda ake kira Pro, shi ke ƙara bincike har cikin rubutun shafi, gano adireshin da ya mutu ko aka ajiye sau biyu, da kwafin dindindin na shafin. Da dala ake biya, don haka abin da zai ci a naira ko sefa yana bin canji.

Wannan kwafin dindindin yana bukatar bayani, domin nan ake samun rashin fahimta. A tsarin kyauta adireshi kawai ka ajiye. In mai shafin ya goge maƙalar, abin da ya rage maka kan maƙalar ne da hotonta. Ko a tsarin biya, shafin da sai an shiga da kalmar sirri, kamar rubutun rufaffen zaure a Facebook, ba lallai kwafinsa ya ɗauku ba, saboda na'urar kamfanin ce ke zuwa ɗauka, ita kuwa ba ta da izinin shiga. Mai tsarin kyauta yana da mafita: ya kai muhimmin shafi Wayback Machine, wurin da ke adana kwafin shafukan intanet, ta web.archive.org/save, ya ajiye adireshin kwafin a Raindrop kusa da na asali.

Babban rauninta shi ne data. Kafin a rufe ta, Pocket tana sauke maƙala cikin waya a karanta ta ko babu sabis, Raindrop ba ta yin haka, domin komai nata a intanet yake. Ga wanda ke sayen data kaɗan-kaɗan, ko mai tafiya inda sabis ke ɗaukewa, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. In karatu ba tare da data ba shi ne bukatarka, manhajar Instapaper ta fi dacewa, ko ka sauke shafin da kibiyar saukewa ta Chrome. Wata dabarar rage cin data: sauya yadda kundi ke bayyana daga katuna masu hotuna zuwa jerin kanun rubutu zalla. Manyan fayiloli kuma, irin su karatun murya da bidiyo, ba nan ne gidansu ba, tunda abin da tsarin kyauta ya yarda a ɗora megabait 100 ne a wata. Ma'ajiyar saƙonni ta Telegram, mai karɓar fayil har gigabait 2, ta fi ta a wannan.

Shigo da tsofaffin adireshi daga burauza ana yin sa ne da fayil ɗin HTML da kowace burauza ke fitarwa. A share tarkace kafin a shigo, in ba haka ba matattun adireshin shekara goma za su biyo ka sabon gida. Fitarwa ma haka take, a HTML ko CSV, kuma kyauta ce. A riƙa yin ta sau ɗaya a wata, a ajiye fayil ɗin a waya da kuma wani wuri daban.