Keken ɗinkin yara: na roba mai batir da tsohon Singer na hannu

Ƙananan kekunan ɗinkin nan na roba, fari da ruwan hoda, sun cika hotunan masu saida kaya ta WhatsApp, yanzu har a shagunan babbar kasuwar Maradi ana jera su kusa da kayan wasan yara. Mata da dama sun tambaye ni ko su saya wa 'ya'yansu, da yake sun san ina ɗinki a gida nan unguwar Zariya. Na saya wa ɗiyata mai shekara 8 lokacin babban hutun lakwal, saboda ta matsa sai ta hau babban kekena Butterfly, ga shi ƙafarta ba ta kai wa matakin. Daga baya kuma Allah ya haɗa ni da wani tsohon keken yara na ƙarfe. Duka biyun sun yi aiki a hannunta, a gabana.

Na robar jika 9 na saye shi. A cikin kwalinsa akwai ɗan mataki na ƙafa, da kwarkwaro, da allura ɗaya ta canji, da wayar jonawa a kuran. In an ɗauke wuta yana cin batir ƙanana guda 4. Gudunsa iri biyu ne, akwai 'yar fitila a saman allura. Abin da zan yaba masa shi ne ɗinkinsa na zare biyu ne, sama da ƙasa, irin na babban keke, don haka in ya kama ya kama, ba ya warwarewa. Allurarsa ma irin wadda muke sa wa kekunanmu ce, ko'ina a kasuwa za ki samu. A kan atamfar da aka wanke ta yi laushi, ninki biyu, yana tafiya lafiya lau.

Daga nan kuma sai matsala. Ba shi da nauyi ko kaɗan, da an kunna sai ya kama rawa yana tafiya a kan teburi, yarinya ta riƙe shi da hannu ɗaya, ta bi yadi da ɗaya. Gudun da suka kira na hankali ya fi ƙarfin hannun mai koyo. Tana taka matakin sai yadi ya ƙwace mata, layi ya karkace, ta firgita ta janye hannu. Ba ya komawa baya, sai dai a ɗaga ƙafar keken a juya yadin in ana son ƙulle ɗinki. Wanke shadda mai sitaci ma bai isa ya sa ya ratsa ta ba, kuma duk inda ɗinki ya hau kan ɗinki, yadi ya zama ninki huɗu, sai motar ta yi gurnani allura ta tsaya cak.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cukurkuɗewar zare. In ba a riƙe bakin zaren nan biyu ba lokacin farawa, ko aka kunna babu yadi a ƙarƙashi, zaren ƙasa sai ya dunƙule a ramin kwarkwaro. Babba ya san ya cire murfi, ya yanke, ya sake jawo zaren ƙasa da hannu. Yarinya ba ta san wannan ba. Sai ki ji “Mama, ya ƙara cinyewa,” ki bar aikinki ki zo. Ranar da na ga ta tura shi gefe ta kifa kai a kan gwiwa tana cewa ita ba ta iya ba, raina ya ɓaci ƙwarai, don na san laifin ba nata ba ne. Kafin a koma lakwal wani abu ya ɓalle a cikinsa, motar na juyawa allura ba ta motsi.

Wurin mai gyaran kekena na kai shi, wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Ya buɗe, ya nuna mini haƙoran giyar, na roba ne, biyu sun karye. Ya ce, “Hajiya, wannan ba a kawo kayansa. In kina son abin da yarinya za ta koya da shi, tsaya ki gani.” Ya jawo wani ɗan baƙin keke daga ƙarƙashin benci, ya ce cikin kayan gwanjon Turai ya tsince shi.

Tsawonsa bai fi taƙin hannu ɗaya ba, amma da na ɗauka sai na ji nauyin ƙarfe a hannuna. Singer ne samfurin da ake kira Model 20, wanda kamfanin ya fara ƙerawa a 1910 a masana'antarsa ta Elizabethport, jihar New Jersey ta Amurka, daga baya aka sa masa suna Sewhandy, aka ci gaba da yinsa har shekarun 1970. Don yara mata aka yi shi, amma da nufin ya yi ɗinki na gaske. Jamusawa ma sun yi nasu, kamar na kamfanin Casige, sai dai yawancinsu na falankin ƙarfe ne marar kauri mai zanen furanni. Wannan kuwa zubin ƙarfe ne, yana da wani maɗauri da ake ɗaure shi a bakin teburi, ko motsi ba ya yi.

Babu batir, babu kuran, babu kwarkwaro. Zare ɗaya ne tak. A ƙarƙashin farantin akwai wani ɗan ƙugiya mai juyawa, shi ke kamo zaren daga allura ya riƙe shi har allura ta dawo ta shiga cikin madaukin, haka haka har ya zama sarƙa. Ta sama ɗinkin kamar na kowane keke, ta ƙasa kuma sarƙa ce. Kuma komai a buɗe yake. Ɗiyata ta kan sunkuya ta leƙa ƙasa tana juya hannun a hankali, tana kallon yadda ƙugiyar ke cafke zaren. Da kanta ta gane dalilin da ya sa in ta juya ta baya zare ke tsinkewa. A nan ne bambancin yake a wurina: hannunta ne ke ba da gudu. In ta zo kwana sai ta rage, ta bar allura a cikin yadi, ta ɗaga ƙafar keken, ta juya. Yatsanta bai taɓa shiga ƙarƙashin allura ba, domin da ta tsaya keke ya tsaya. Da ƙyallayen da nake tarawa ta ɗinka wa 'yar tsanarta zane da kallabi, ta yi wa allonta jaka, har ta yi wa kakarta kalmasar ɗankwali, layin kuma ba laifi.

Shi ma yana da nasa aibin, kuma ba ƙarami ba ne. Ɗinkin sarƙa irin na bakin buhun shinkafa ne, in kika ja zaren daga inda aka tsaya, zuruf zai warware har farko. Dole a koya wa yarinya ta zura bakin zaren cikin madaukin ƙarshe ta ja ta ƙulle, duk lokacin da ta gama. Don haka ba na barin a ɗinka kayan sawa da shi, sai kayan wasa da jakunkuna da 'yar kalmasa irin ta ɗankwali. Sannan allurarsa gajera ce, lamba 24x1, ba irin tamu ba. Na zaga shagunan kayan teloli ban samu ba, guda biyun da dattijon ya haɗo mini da su nake lallaɓawa. Yana kuma son ɗigon man keke a gaɓoɓinsa, musamman da ƙurar hunturun Maradi. Jika 15 na ba shi, kuma ban ji ciwon kuɗin ba.

Na san ba kowa zai yi sa'ar samun irinsa ba. Wadda ba ta samu ba, shawarata ta nemi keken hannu irin wanda teloli masu yawo ke saɓawa a kafaɗa suna bin unguwanni, ko ta sa mai gyara ya ɗaura wa tsohon kan keke hannun juyawa. Ya fi tsada, amma allurarsa da kwarkwaronsa suna nan a kasuwa, kuma yarinya za ta girma da shi. Na robar kuwa, in har an riga an saya, a cire matakin ƙafar a ajiye, a manne gindinsa da teburi, a ba ta yadi mai laushi kawai, kuma babba ya zauna kusa da ita duk lokacin da za ta kunna.