Gargaɗi ga masu sarin atamfa ta Instagram: an damfare ni naira 485,000

Ina rubuta wannan ne raina a ɓace, domin wani mutum da ke tallar atamfa da shadda a Instagram, yana cewa shagonsa yana cikin kasuwar Kantin Kwari a Kano, ya cinye mini naira 485,000, kuma har yanzu shafinsa yana nan yana ɗora sababbin kaya kamar bai yi komai ba. Naira 485,000, wadda fiye da rabinta kuɗin adashina ne, sauran kuma kafin alƙalami ne da mata suka ba ni domin kayan Sallah.

Tun da abin ya faru mutane suke tambayata yadda aka yi na tura wa wanda ban taɓa gani ba kuɗi mai yawa haka. Ni ba sabuwa ba ce a wannan sana'a. A Gombe nake, kuma yawancin sarin da nake yi ta waya nake yinsa, kamar yadda kowace mai sayar da kaya a gida take yi yanzu. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma transfa, 'yan kasuwa suka mayar da shagunansu cikin waya, ana ɗora kaya a WhatsApp da safe, a biya da rana, a kai tasha da yamma. Wadda ta ce sai ta hau mota zuwa Kano a kan kowane turmi, kuɗin mota kaɗai zai cinye ribarta. Saboda haka abin da na yi shi ne abin da kowa yake yi, kuma na yi bincike fiye da yadda wasu suke yi.

Sai da na gwada shi. Na fara sayen turmi biyu a kan naira 38,000, kayan suka iso lafiya ta hannun direba, atamfa mai kyau, har ya ƙara mini ɗan kallabi kyauta. Ya turo mini hoton takardar rajistar kasuwanci ta hukumar CAC, na duba sunan na ga akwai shi. Daga baya ne na gano cewa takardar ta wani bawan Allah ce da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kafin wannan ma, tun kafin turmi biyun, mun yi kiran bidiyo.

Wannan kiran shi ne yake hana ni barci. Yana tsaye a cikin shago, atamfofi jere a bayansa har sama, ana jin hayaniyar kasuwa da 'yan dako suna neman hanya. Ya zaro turmi ɗaya mai ruwan toka, ya warware shi, ya matso da bakin zanen kusa da waya domin in karanta rubutun. Ya ce: “Hajiya, ki kwantar da hankalinki, amana ce tsakaninmu, ni ma ina da iyali.” Ya ambaci sunan Allah, ya rantse. Wane ne zai ga wannan ya ce shagon ba nasa ba ne? Ashe shiga ya yi shagon mutane kamar mai ciniki, ya kira ni daga ciki. Kullum sai na sake tuno yadda ya warware wannan turmin da hannunsa, yana murmushi, yana cewa amana.

Da ya ce akwai ragi ga masu sari kafin Sallah, turmi 30 a kan naira 15,500 kowanne, sai na tura naira 465,000. Gaskiya ne sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, ya ce na yaron shagonsa ne, kuma duk wanda ya taɓa ciniki a Kwari ya san ana ba da asusun yaron shago ko na mai POS. Cikin wannan asusun na biya kuɗin turmi biyun farko, kuma kaya suka zo. Washegari ya kira ya ce kayan suna tasha, direba yana neman naira 20,000 na lodi da mota. Na tura. Ya turo hoton buhu ɗaure da sunana a jiki, da lambar direba wadda ba ta taɓa shiga ba. Da 465,000 da 20,000, naira 485,000 ke nan. Daga nan sai mota ta lalace a hanya, sai an yi masa rasuwa, sai kuma ya toshe ni a ko'ina.

Na je banki, aka ce in kawo rahoton 'yan sanda da umarnin kotu kafin a taɓa asusun, alhali kuɗin sun bar wurin tun ranar da suka shiga. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Babban Bankin Najeriya ya wajabta haɗa kowane asusu da BVN ko NIN, wato akwai mutum mai suna da hoto a bayan wannan asusu, amma ni ce nake yawo da takardu. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma ina shirya koke zuwa EFCC. Matan da suka ba ni kafin alƙalami kuwa, biyu sun daina gaishe ni, ɗaya ta aiko mijinta har gida. Masu gaskiyar da ke Kwari su ma ya cuce su, domin yanzu ko wanda na daɗe ina ciniki da shi ya turo lambar asusu sai gabana ya faɗi.

Kada ku tura kuɗi mai yawa sai wani naku ya je ya tsaya a shagon ya karɓi kayan da hannunsa. Cinikin farko da ya zo lafiya tarko ne.

Ina da hotunan hirarmu gaba ɗaya, da rasit ɗin transfa guda uku, da hoton buhun, da muryarsa inda yake rantsuwa, kuma zan ɗora su da zarar jami'in da ke binciken ya ba ni izini. Duk wadda irin wannan ta same ta a kan turmi 30 da ragin Sallah, ta yi mini magana mu haɗa ƙararmu wuri ɗaya, domin naira 485,000 ɗina ba zan bar masa ita ba.