Legoland na Billund: Wurin Wasan da Aka Ɗinka Daidai Jikin Yaro

Mun shafe yini guda cur a Legoland da ke garin Billund na ƙasar Denmark, ni da mai ɗakina da 'ya'yanmu biyu, namiji mai shekara takwas da ƙanwarsa mai shekara uku. An buɗe wurin a shekarar 1968 kusa da masana'antar Lego, mai ƙera ƙananan tubalan roba da yara ke harhaɗawa su yi gini, kuma shi ne na farko cikin wuraren da ke ɗauke da wannan suna a duniya.

Sashen da ya fi cancantar yabo shi ne Miniland, inda aka gina ƙananan birane da miliyoyin tubalan Lego, ciki har da tsohuwar tashar ruwa ta Nyhavn da ke Kopanhagen da jerin gidajenta masu launi-launi. Gine-ginen ba su wuce tsawon ƙaramin yaro da yawa ba, saboda haka abin da babba yake leƙawa daga sama, shi yaro ido da ido yake ganinsa. 'Yata ta durƙusa a bakin shinge tana bin wani ɗan jirgin ruwa da kallo, ya tafi ya dawo, ya sake tafiya, ta ƙi motsawa ko taku ɗaya, ni kuwa ina ta duba agogo ina lissafin abubuwan hawan da ba mu kai gare su ba. Sai da mahaifiyarta ta tambaye ni wa aka kawo wasa, ni ko yarinyar, sannan na nemi wuri na zauna.

Manyan abubuwan hawa suna da ƙa'idar tsawo, kuma ba a sassauta ta, wanda hakan daidai ne tunda batun lafiyar yara ne. Kuskurenmu shi ne ba mu auna tsawon 'yarmu tun daga gida ba, har muka yi mata alkawarin abin da ba ta isa hawa ba. Ta yi ɗage a jikin ma'auni iya ƙarfinta, amma ba ta kai ba, aka sha kuka. Sashen Duplo, wanda aka keɓe wa ƙanana irinta, shi ya share mata hawaye. Yayanta kuwa makarantar koyon tuƙi ce ta tafi da hankalinsa, inda yara ke jan ƙananan motocin lantarki suna tsayawa a jar danja kamar direbobin gaske.

Matashin da ke neman abin da zai kaɗa masa hanji zai ga abubuwan hawa irin nasa ba su da yawa, domin an fi yin wurin saboda 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu. Yawanci yana buɗe ne daga wajen ƙarshen Maris zuwa Oktoba, kuma ko a tsakiyar shekara ruwa da iska kan zo ba sallama, don haka a tafi da rigar ruwa. A kuma riƙe keken tura yaro ko da ɗanka ya iya tafiya, domin wajen la'asar tamu a cikinsa ta yi barci, da takalmi ɗaya a ƙafa.