UFW a sabar gida: sauƙi gare shi, sai an zo kan ping

UFW, katangar tsaron da ke zuwa da Ubuntu, ya cancanci yabo wajen buɗe tashoshi (ports, ƙofofin da saƙonni ke bi su shiga na'ura): sudo ufw allow 22/tcp, an gama. A kan ping kuwa, wato umarnin gwada ko wata na'ura tana amsawa, ya gaza, domin ba shi da umarni ko ɗaya na ICMP, nau'in saƙon da ping ke aiki da shi. Dole a buɗe fayil ɗin /etc/ufw/before.rules da hannu, a tabbatar wannan layin yana nan:

-A ufw-before-input -p icmp --icmp-type echo-request -j ACCEPT

Daga asali ping a buɗe yake zuwa. In ping ya ƙi amsawa, galibi wani ne ya mayar da ACCEPT ya koma DROP. A gyara, a buga sudo ufw reload. IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, fayil ɗinsa daban, before6.rules, kuma nan ake yawan mantawa. Kada a toshe ICMPv6, wato ICMP na IPv6, gaba ɗaya, domin da shi na'urori ke gano maƙwabtansu. In aka rufe shi, IPv6 ya tsaya cak.

In har yanzu shiru, a duba saitin net.ipv4.icmp_echo_ignore_all, in 1 ne, kernel ɗin kansa, wato zuciyar Linux, ke yin kunnen uwar shegu. Ping daga waje kuwa rauta, na'urar da ke haɗa gida da intanet, ce ke amsa shi a IPv4, tsohon tsarin adireshi, laifin ba na UFW ba ne.