Na saurari albam ɗin Stage Four na Touché Amoré, ga abin da na gani

Gaskiya ban taɓa zaton waƙar da ake ihu a cikinta za ta sa ni zama shiru na kusan rabin awa bayan ta ƙare ba, amma haka albam ɗin nan ya yi min. Na daɗe ina jin irin wannan kiɗan da ake cewa post-hardcore, kuma in faɗi gaskiya na fara gajiya da shi, don yawancin ƙungiyoyin zamani duk kanwar ja ce, jita ta fara a hankali kamar ana lallashin jariri, can sai ganga ta fashe, mawaƙi ya ɗau ihu yana cewa ta tafi ta bar shi, zuciyarsa ta karye, dare ya yi tsawo, ruwan sama na zuba. Ka ji ɗaya ka ji goma. Kalmomin nan kowa zai iya ɗauka ya sa a bakinsa, shi ya sa ba sa kama kowa.

Ga wanda bai san salon ba, tushensa kiɗan hardcore ne na Amurka, irin mai gudu da hayaniyar nan, sai wasu a birnin Washington wajen tsakiyar shekarun 1980 suka fara sassauta shi suna zuba abin da ke cin ransu a ciki, irin su Rites of Spring, daga baya kuma Fugazi. Touché Amoré 'yan yankin Los Angeles ne, sun haɗu a 2007, kuma ana lissafa su tare da La Dispute da Pianos Become the Teeth da Defeater cikin waɗanda suka farfaɗo da salon wajen 2010. Stage Four ya fito a watan Satumba na 2016 a ƙarƙashin kamfanin Epitaph, Brad Wood ne furodusa, waƙa 11, tsawonsa bai wuce rabin awa da 'yan mintoci ba.

Sunan ma kansa harshen damo ne. Shi ne albam ɗinsu na huɗu, sannan mataki na huɗu shi ne matakin ƙarshe na ciwon daji, ciwon da ya yi ajalin mahaifiyar mawaƙinsu Jeremy Bolm a 2014 tana da shekara 69. Albam ɗin gaba ɗaya kusan a kanta yake. To ni da na ji haka da farko na ɗan ja baya, na ce kar dai a zo a mayar da mutuwar uwa hajar sayarwa, don an sha yi. Ashe ba haka ba ne.

Abin da ya raba shi da sauran shi ne mutumin nan ba ya tsayawa yana ce maka yana baƙin ciki, ƙananan abubuwa yake ɗaukowa ya ajiye a gabanka ya bar ka da su. A waƙar farko, Flowers and You, haƙuri yake ba ta kan takura mata da ya riƙa yi in ta ƙi cin abinci. Wallahi duk wanda ya taɓa jinya ya san wannan wurin, ka tsaya da kwano a hannu kana faɗa da mara lafiya, kai a ganinka taimako kake, sai bayan ƙasa ta rufe ido ka gane ba ƙi ta yi ba, ba ta iyawa ne. Ban taɓa jin wani ya sa wannan ƙaramin laifin a waƙa ba. A New Halloween kuma ya ambaci waƙoƙin da yake tsallakewa don ba zai iya jin su ba, da saƙon muryarta na ƙarshe da ke cikin wayarsa wanda ya kasa samun ƙarfin halin buɗewa. Ka riƙe wannan saƙon a ranka, zan dawo kansa.

Sai Eight Seconds, wadda a ganina ita ce mafi nauyi duk da gajertarta. Lokacin da mahaifiyar ta cika, shi yana kan dandamali a wani bikin kaɗe-kaɗe a Gainesville ta jihar Florida, sai da ya sauko ya kira waya aka faɗa masa. Waƙar na gudu kamar mai neman tserewa, kuma ba ya neman ka tausaya masa, kansa yake tuhuma, yana can yana cika burinsa ana tafa masa ita kuma tana can tana barin duniya. Palm Dreams ita kuma wata damuwa ce daban, yana kwashe kayan gidanta na shekaru da shekaru shi kaɗai yana tambayar me ya kawo ta California tun farko, tambayar da da ya yi mata tana raye da minti biyu ya isa a ba shi amsa, yanzu kuwa sai dai hasashe.

Inda suka burge ni sosai shi ne kiɗan bai bi kalmomin ya shiga duhu ba. Da wasu ne da sun cika ko'ina da sauti mai nauyi don ka san ana makoki. Su kuwa jitocin Clayton Stevens da Nick Steinhardt a wanke suke tas, suna ƙyalli, wani wurin ma har kamar kiɗan nishaɗi, ga gangar Elliot Babin na ta tura waƙar gaba ba ta bari a zauna. Sai ya zama kamar ranar da aka yi maka rasuwa amma gari ya waye garau, rana ta fito, mutane na ta harkarsu ba ruwansu, kai kaɗai ka san abin da ya same ka. Wannan saɓanin ne yanayin albam ɗin, kuma shi ne ya fi cizo. Muryar Bolm ma duk da ihu ne, kalma ɗaya ba ta ɓacewa, kana jin komai rau, wanda ba kasafai ake samu a salon nan ba, wasu sai ka nemo rubutun waƙar kafin ka san me ake cewa.

Amma fa ba wai ba shi da aibu ba. A nan ne Bolm ya gwada rera waƙa da murya ta ƙasa ba ihu, kamar a Water Damage da farkon Benediction, kuma gaskiya ba gwani ba ne, muryar a kwance take kamar mai karanta takarda, wani lokacin ta dace da gajiyar mai makoki wani lokacin kuma kawai rashin iyawa ne, ba sai an yi kara ba. Softer Spoken, wadda ita ce ta soyayya, yana maganar wadda ta riƙe shi a lokacin, ta zo ta wuce ban riƙe komai a cikinta ba, nan ya koma irin kalmomin kowa da kowa da na yi ƙorafi a kai tun farko. Abin mamaki mutumin da ya iya zana rashi dalla-dalla da ya zo kan so sai alƙalaminsa ya dushe. A wannan fannin La Dispute sun fi su nesa ba kusa ba, albam ɗinsu na 2008 kusan duk kan rabuwar masoya ne kuma mawaƙinsu Jordan Dreyer ya iya ba da labari, sai dai shi ma yakan cika gishiri har ka ji kamar wasan kwaikwayo. Sannan gargaɗi ga mai sauraro, a Displacement akwai inda yake jayayya da imanin mahaifiyarsa, yana tuhumar abin da ta yi imani da shi. Ni ban tare da shi a nan ko kaɗan, na dai ɗauke shi a matsayin maganar wanda zafi ya ɗebe, amma gara ka sani kafin ka kunna.

In kana neman sabon sauti da kunne bai taɓa ji ba, ba za ka same shi a nan ba, kiɗan bai ƙirƙiro komai ba, har ma wanda ya saba da albam ɗinsu Parting the Sea Between Brightness and Me na 2011 mai waƙa 13 cikin minti ashirin da ɗoriya zai iya cewa sun yi laushi. Kuma ba su ne farkon yin albam kan rasuwar iyaye ba, Pianos Become the Teeth sun riga su da The Lack Long After a 2011 kan mahaifin mawaƙinsu. Sabuntar tana cikin abin da aka zaɓa a faɗa ne da kuma abin da aka ƙi ƙawatawa. Ni dai zan ba shi takwas cikin goma, kuma shawarata ka ji shi a jere daga farko zuwa ƙarshe da iyafis, kar ka yi masa tsinci-tsinci, kar kuma ka kunna shi kana cikin wani aiki.

Dalili kuwa waƙar ƙarshe ce, Skyscraper, inda mawaƙiya Julien Baker ta shigo da siririyar muryarta suka rera tare a hankali, kan birnin New York da mahaifiyar take so. Kiɗan ya taru ya taru ya cika kunne sannan ya janye, sai kawai ka ji muryar wata dattijuwa a waya. Saƙon nan ne da ya ce ya kasa buɗewa. Na gyara zama ina jiran wasiyya ko wata magana mai girma, ashe ba komai a ciki, sanar da shi kawai take yi za ta biya kantin magani ta ajiye takardar likita.